Tambaya da Amsa: Kamfanin da Ke Rabon Shinkafa Yana Zaftare Albashi

Wasiƙu da dama daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun karkata ne kan kamfanonin da ke shiga tsakanin mai neman aiki da mai neman ma'aikaci. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen marubutansu da na kamfanonin da suka ambata.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala babbar difloma, na yi hidimar ƙasa, na daɗe a zaune kafin Allah ya sa na samu aiki a reshen wani banki a nan Sakkwato. Sai bayan na fara aiki na gane cewa ba bankin ne ya ɗauke ni ba, wani kamfani ne da ke samar wa bankuna ma'aikata. Na sayi fom a wurinsu, sun cire rabin albashina na watan farko da sunan kuɗin sama mini aiki, har yau ba ni da takardar ɗaukar aiki, kuma ana cire mini kuɗin fansho duk wata amma ban taɓa ganin saƙon shigarsa ba. A azumin da ya wuce kamfanin ya raba shinkafa da taliya a gidan marayu, aka sa hotuna a Facebook, aka rubuta cewa suna sauke nauyin al'umma da ke kansu. Mene ne ainihin wannan nauyi, kuma abin da suka yi ya sauke shi? Daga wani matashi a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bai sauke ba, kuma bai ma kama hanyar saukewa ba.

Abin da ake nufi da nauyin al'umma a kan kamfani shi ne, tunda kamfani a cikin mutane yake zaune, da guminsu da kuɗinsu yake samun riba, wajibi ne ya ɗauki alhakin duk abin da sana'arsa ke haifarwa a rayuwarsu, ko da hukuma ba ta tsaya a kansa da sanda ba. A shekarar 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka ɗora wa kamfanoni kauce wa tauye haƙƙin mutane da kuma gyara ɓarnar da suka yi ko suka sa hannu a cikinta. Ƙa'idar ISO 26000 ta shekarar 2010, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan nauyin al'umma, ita ma ta sanya yadda ake mu'amala da ma'aikata cikin ginshiƙan wannan nauyi, ta kuma bayyana cewa kyauta da taimakon jin ƙai ba sa maye gurbinsa. Saboda haka kowane kamfani daga inda sana'arsa ta taɓa mutane nauyinsa ke farawa. Kamfanin siminti, irin wanda muke da shi a Kalambaina, abin da za a fara tambayarsa shi ne ƙura, da manyan motocinsa a kan titi, da gonakin maƙwabtansa. Kamfanin samar da ma'aikata ba ya fitar da hayaƙi, ba ya haƙa ƙasa. Abin da yake cin abinci da shi shi ne ƙarfin mutane da lokacinsu, don haka al'ummarsa ta farko ita ce kai da ire-irenka da kuka bi layi a ƙofarsa.

Mu fara da kuɗin fom da rabin albashin da aka cire maka. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1997 musamman domin irin waɗannan kamfanoni, ta ce a sashe na 7 kada su karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci, ko kai tsaye ko a fakaice, ko duka ko wani ɓangare, sai dai in hukuma ce ta keɓe wani rukuni bayan ta yi shawara da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a watan Maris na 2023. Hikimar a fili take. Wanda yake buƙatar ma'aikaci shi ne aka yi wa hidima, shi ya kamata ya biya. Idan kuwa aka bar kamfani yana samun kuɗi daga sayar da fom, ribarsa ta koma kan yawan masu nema, ba kan yawan waɗanda suka samu ba, kuma daga nan zai fi son guraben su yi kaɗan, layin ya yi tsawo. Ba mu manta da abin da ya faru ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da aka karɓi naira 1,000 daga kowane mai neman aikin hukumar shige da fice ta hannun wani kamfani mai zaman kansa, mutane fiye da rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, aka tara su a filayen wasa, turmutsitsi ya kashe mutane fiye da goma a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Dillali a kara ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa, amma a can an karɓi la'ada daga kowa, alhali an san mafi yawansu hannu rabbana za su koma gida.

Takardar ɗaukar aiki kuwa ba alfarma ba ce. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago, wadda ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya wajabta a ba ma'aikaci takarda a rubuce cikin wata uku da fara aikinsa, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da albashi, da sa'o'in aiki, da hutu, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin a rabu. Rashin wannan takarda ne ke sa ranar da rigima ta taso bankin ya ce bai san ka ba, kamfanin kuma ya ce ai ba a wurinsa kake aiki ba.

Batun fansho shi ya fi tayar mini da hankali, domin ɓarnarsa ba ta bayyana sai mutum ya tsufa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi ya ƙara kashi 10, a tura duka zuwa asusun ma'aikacin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata ga wanda ya riƙe. Wanda ya cire bai tura ba ya ci amana, ko da ya yi niyyar turawa wata rana. Ka je ofishin kamfanin da ke kula da asusunka ka nemi bayanin abin da ya shiga. Idan ma ba a taɓa buɗe maka asusun ba, to ka samu amsarka.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar ɗaga murya kai kaɗai, domin ma'aikacin kwantiragi da saƙon waya ɗaya ake sallamarsa. Ka fara tara hujja: rasit ɗin fom, da saƙonnin banki da ke nuna abin da ake biyanka, da katin shaidar aiki. Ka nemi abokan aikinka da abin ya shafa, ku rubuta wa kamfanin tare, ku ajiye kwafi. In ba a saurare ku ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Sakkwato, akwai hukumar PenCom game da fansho, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a garin nan, kuma ta taɓa yanke hukunci a wasu shari'o'i cewa wanda ake yi wa aikin shi ma yana da alhaki tare da kamfanin da ya kawo ma'aikacin.

Game da shinkafar, ba na cewa a daina kai wa marayu abinci, Allah ya ƙara musu masu kaiwa. Sai dai sadaka daban, haƙƙi daban, kuma ɗaya ba ya biyan ɗaya. Ya zo a hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki a hannunsa, sannan ya hana shi ladansa.

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin kamfani da ke samar da masu gadi da masu shara ga makarantu masu zaman kansu, da otal-otal, da gidajen mai. Kullum ana cewa kada mu karɓi komai daga ma'aikata. To daga ina za mu ci? Masu ba mu aikin kansu matse mu suke yi, in ka faɗi farashin gaskiya sai su koma wurin wani. Kuma wannan maganar ta kyautata wa al'umma ba ta manyan kamfanoni ba ce? Daga wani Alhaji a Arkilla.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kukanka na gaskiya ne, kuma ina ganin a nan ne tushen matsalar yake, domin sau da yawa zaluncin da ake gani a hannun kamfani irin naka an ƙulla shi ne tun a teburin da aka yi cinikin kwangilar.

Mu yi lissafi a fili. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan aka ɗauki wannan adadi a matsayin abin da ake lissafa fansho a kansa, kason mai ɗaukar aiki na kashi 10 ya kama naira 7,000. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ƙara kashi 1 cikin ɗari da ake biya wa hukumar NSITF, domin in ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko iyalinsa, wato naira 700. Ka ga maigadi ɗaya ya tashi a kan naira 77,700 a wata, ba a yi maganar kayan sarki da takalmi da tocila ba, ba a yi maganar wanda zai canje shi ranar hutunsa ba, balle hayar ofishinka da ribarka. Duk mai makaranta ko mai otal da ya ce zai biya ka ƙasa da haka a kan kowane mutum ya san sarai cewa daga bakin maigadin za a cire cikon, ya dai ɗauke ka ne domin kada hannunsa ya taɓa abin. Gaskiya ne dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, dokar fansho kuma ta wajaba ne a kan masu ma'aikata 15 zuwa sama, amma ka lura da cewa yawan mutanen da ke kan takardar albashinka ake dubawa, ba yawan waɗanda ka tura makaranta ɗaya ba.

To daga ina za ka ci? Daga wurin wanda ka yi wa hidimar. Ka rubuta masa takardar farashi a rarrabe: ga albashin ma'aikaci, ga fansho, ga kuɗin diyya, ga kayan aiki, ga ladan kamfani a layinsa daban. Wannan rarrabewa tana kare ka ta fuska biyu, domin mai ba da aikin ba zai iya rage farashi ba sai ya nuna da yatsa layin da yake so a yanke, ma'aikacinka kuma in ya ji jimillar da ake biya a kansa ba zai zarge ka da cinye rabi ba. Za ka rasa wasu kwangilolin, ba na ɓoye maka wannan. Amma ka lissafa abin da kake asara yanzu duk lokacin da maigadi ya gudu bayan wata biyu, ko aka yi sata a inda yake gadi saboda yunwa ta sa ya kau da kai, ko ya yi barci domin shi kaɗai ne dare da rana. Abin da zai fi taimakon ku shi ne masu irin sana'arka a garin nan ku haɗa kai a kan farashin da babu wanda zai sauka ƙasa da shi. A matakin ƙasa akwai ƙungiyar HuCaPAN ta kamfanonin samar da ma'aikata, wadda take da kundin ɗa'ar sana'a da aka tsara tare da Ma'aikatar Ƙwadago da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Ka kuma tabbata takardunka sun cika, domin rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba ta isa ba: samar da ma'aikata yana buƙatar lasisin Ma'aikatar Ƙwadago, aikin gadi kuma yana da nasa lasisin a ƙarƙashin kulawar hukumar Sibil Difens.

Maganar cewa abin na manya ne, a nan na saɓa maka. Babban kamfani yana iya gina rijiyar burtsatse, amma kai kana riƙe da abin da ya fi rijiya tsada a garin nan, wato ikon cewa wane zai samu aiki. Kana iya ɗaukar mutum ba tare da ya zo da katin ɗan siyasa ba. Kana iya ba gurgu aikin rajistar baƙi a bakin ƙofa, aikin da ba ya buƙatar gudu. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati, kuma babu abin da ya hana ɗan kasuwa ya yi koyi. Kana iya tsara wa zawarawa da matan da mazansu suka rasu aikin shara a sa'o'in da za su iya komawa kan 'ya'yansu, ka kuma ba su wata mace da za su kai wa ƙara in wani ya neme su da abin da bai dace ba a inda ka tura su. Kana iya sa sharaɗi a kwangila cewa a yi wa maigadi rumfa da ruwan sha, domin duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san tsayuwa a bakin get ba wasa ba ce, haka kuma daren hunturu. Takardun da matasa ke ajiyewa a ofishinka, masu ɗauke da lambar NIN da hotuna da lambobin waya, amana ce da dokar kare bayanai ta 2023 ta hana a sayar ko a watsar. Mafi yawan waɗannan abubuwa ba su kai kuɗin buga allon talla ɗaya ba.

Tambaya: Malam, wani ejan ya ce zai kai ƙanwata aikatau Saudiyya. Ya ce ba sai mun biya komai yanzu ba, za a riƙa cirewa daga albashinta, kuma fasfonta zai zauna a wurinsa har a gama biya. Ya nuna mana takardar rajistar kamfaninsa. Mu yarda? Daga wata Hajiya a Gwadabawa.

Amsa: Hajiya, kada ku yarda a kan waɗannan sharuɗɗa. Abubuwa biyun da ya faɗa, bashin da za a riƙa cirewa daga albashi da kuma riƙe fasfo, suna cikin alamomin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa na aikin tilas, domin macen da ake bi bashin da ba ta san iyakarsa ba, kuma ba ta da takardar da za ta fita da ita, ba ta da ikon cewa ta gaji ko an cuce ta. Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure baƙon ma'aikaci ga wanda ya ɗauke shi aiki, a watan Maris na 2021, ta ba ma'aikata da yawa damar canja wurin aiki, amma wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida ba, kuma ƙanwarki a cikinsu za ta kasance.

Takardar rajista tana nuna cewa kamfani yana da suna a littafin hukuma ne kawai. Ku nemi ya nuna muku lasisin Ma'aikatar Ƙwadago na kai ma'aikata ƙasar waje, ku ɗauki kwafinsa ku kai ofishin ma'aikatar a Sakkwato a tabbatar muku. Ku nemi kwantiragin a rubuce, wani wanda kuka amince da shi ya karanta muku shi da Hausa, ku san sunan wanda za ta yi wa aiki da garinsa, da albashinta, da ranar hutunta, da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa. Ku duba bizar da idonku: in ta Umara ce ko ta ziyara, to ba ta aiki ba ce, kuma ranar da ta ƙare yarinyar ta zama mai laifi a ƙasar mutane. Idan kuma ya ce ta Illela za a fita da ita a bi ta Nijar, ku tsaya nan, ku sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda take da ofishin shiyya a Sakkwato. Ejan na gaskiya ba ya fushi da waɗannan tambayoyi.

Tunda maganar aikatau ta taso, bari in ƙara da dillalan da ke kwaso yara mata daga ƙauyuka suna raba su gidajen birni, su karɓe kuɗin wata su miƙa wa iyaye abin da suka ga dama. Su ma sana'ar samar da ma'aikata suke yi, ko da ba su da ofis. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau laifin da ake ɗauri a kansa, kuma ta haɗa da mai kawowa da mai karɓa.

Tambaya: Shin akwai dokar da ta tilasta wa kamfanoni ware wani kaso na ribarsu domin al'umma? Daga wani malamin makaranta a Bodinga.

Amsa: Malam, babu dokar da ta game dukkan kamfanoni a Najeriya a kan haka. Indiya ta yi irin wannan a dokar kamfanoninta ta 2013, inda ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A nan gida, dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu a asusun al'ummomin da suke aiki a yankinsu, amma wannan bai shafi kamfanonin samar da ma'aikata ba. Ayyukan alheri irin su horar da matasa kyauta ko tallafa wa makaranta ganin damarsu ne. Lasisi, da takardar ɗaukar aiki, da mafi ƙarancin albashi, da fansho, da kuɗin diyya kuwa doka ce, kuma ana iya kai su ƙara a kan kowane ɗaya daga ciki.